Hannun Malam

Ranar da aka raba wa malamai kwamfutar hannu, kowa ya sa hannu ya karɓi tasa, ban da Malamar aji uku. Da aka zo kanta, Shugaba ta sauke gilashi ta dube ta, ta dubi mijinta da ke layin gaba ya harɗe ƙafa, ta ce, "Ku ai gida ɗaya kuke. Ɗaya ta ishe ku." Aka yi dariya, har da Malama, don a lokacin ba ta san abin da take yi wa dariya ba.

Abin da ya kawo rabon kuwa, rufin rabin azuzuwan makarantar ne ya zube, an ce gyara zai ci shekara. Sai aka shigo da sabon tsari: yara su zo aji kwana biyu, kwana uku su zauna a gida su kalli darasi a waya. Mutumin da aka ɗauko ya koya wa malamai, wanda kowa ke kira Mai Kwamfuta, ya tsaya ya yi bayani. Ba fuska ake so ba, in ji shi, hannu ake so. A jera littattafai hagu da dama, a ɗora na'urar a kai, kyamara tana kallon ƙasa, a shimfiɗa farar takarda, malami ya riƙa rubutu yana magana. Kuma a yi da hasken rana kusa da taga, don hasken lantarki yana jefa inuwa. Darasi goma sha biyu kowa zai kawo cikin mako uku. Wanda bai cika ba, in ma'aikacin dindindin ne a sake tura shi horo, in na wucin gadi ne a ba wani ajinsa.

Malam na dindindin ne, shekara ashirin yana koyar da lissafi a manyan azuzuwa. Malama ta wucin gadi ce, shekara huɗu ke nan ana ce mata baɗi. Ba sai an faɗa ba, kowa ya san wanda wuƙa ke wuyansa a cikinsu. Ajin nan kuma ba ƙaramin abu ba ne a wurinta. Tun suna aji ɗaya take tafe da su, yara talatin da huɗu, ta karɓe su ba su san ba da bu ba, ta kai su suna karanta allon shaguna a hanya suna ihu. Hutun nan kaf ta ƙarar da shi tana yanka kwalin sabulu tana rubuta kalmomi a kai, jaka guda ta cika, tana jiran ranar komawa.

A gidansu taga ɗaya ce mai hasken kirki, ta falo. Rana tana shigowa daga ƙarfe tara zuwa ɗaya, daga nan benen maƙwabta ya tare ta, shi ke nan sai gobe.

Malam ne ya fara, ai shi ne babba. An ce ba a son fuska, amma sai da ya yi wanka ya sa rigar zuwa taro, ya fesa turare har Inna, mahaifiyarsa, ta yi atishawa daga ɗakinta. Ya zauna, ya gyara murya, ya danna. Alƙalami ya hau rawa. Gwiwar hannunsa ta ture littattafai, kyamara ta koma tana kallon silin. Ya sake. A karo na uku yana tsakiyar bayani, falo babu kowa sai labule, ya daka tsawa, "Kai, ku yi mini shiru a baya can." Shekara ashirin ta sabo ba ta barin mutum don an canza masa ɗaki.

Ya kai makaranta ya tura, don can ne ake da intanet na kyauta. Bai iso gida ba amsar Mai Kwamfuta ta riga shi: rubutun ba ya karantuwa, a sake.

Malam ya karanta saƙon sau uku a tsaye. "Ni za a ce ba a gane rubutuna? Shekara ashirin ina rubutu a allo, babu ɗalibin da ya taɓa cewa bai gane ba."

Gaskiya ya faɗa, babu wanda ya taɓa cewa. Rubutun Malam kamar inda kaji suka yi tono yake, amma wa ya isa ya ɗaga hannu a ajin Malam?

Washegari da hantsi, Malama tana jera kwalayenta don ta ɗauki nata darasin na farko, ya ce, "Malama, zo ki rubuta mini wannan layin, in ga yadda na'urar ke ɗauka. Gwaji ne kawai."

Ta zauna ta rubuta. Ita kuwa hannun masu koyar da ƙananan yara gare ta, kowace lamba a tsaye, zagaye, ba gaggawa. Malam ya mayar da bidiyon ya kalla, ya daɗe yana kallo. Sai ya shiga ɗaki ya fito da wata rigarsa mai dogon hannu.

"Cire awarwaron nan, ƙararsu tana shiga. Sa wannan."

"Malam, me za a yi?"

"Ke dai sa."

Ya kwance agogonsa ya ɗaura mata. Agogo ya zame ya nufi gwiwar hannu. Malam bai karaya ba, ya nemo ƙusa da dutse, ya tsuguna a bakin ƙofa ya huda wa igiyar sabon rami. Tun da ta aure shi ba ta taɓa ganin ya gyara wani abu a gidan da hannunsa ba sai ranar.

Ta ce, "Hannun mace ne fa, za a gane."

"Hannu hannu ne. Wa zai tsaya ƙirga gashi?"

"Tabon fa?" Ta nuna masa tabon ƙunar mai da ke gindin babban yatsanta.

"Maza ba sa ƙonewa ne? Guda ɗaya za ki yi mini, kafin hannuna ya saba."

Ta yi. Shi yana zaune gefenta yana magana, ita tana rubutu cikin rigarsa da agogonsa. Amsa ta dawo da yamma: Madalla, Malam, irin wannan ake so. Malam ya karanta wa Inna, ya karanta wa mai gyaran famfo da ya shigo, ya sake karanta wa kansa. Hannunsa kuwa tun daga ranar bai sake taɓa alƙalami ba, balle ya saba.

Darasin minti goma ne, amma safiya guda yake ci. Malam zai yi tari, a sake. Wayarsa za ta yi ƙara, ya ɗauka ya yi hira, a sake. Zai tsallake mataki kamar yadda ya saba a aji, ta ce, "Malam, yaro ba zai gane yadda aka zo nan ba," ya ce wanda bai gane ba daƙiƙi ne, a sake. Da ta gaji da sakewa, sai ta fara rubuta masa abin da zai faɗa a wata takarda daban, yana karantawa. Abin da ya rage nasa a darasin murya ce da agogo.

Ƙarfe ɗaya rana za ta ɗauke, Malam ya miƙe ya yi miƙa ya ce, "Kai, aikin nan akwai cin rai." Ita kuma ta tuɓe riga ta shiga kicin.

Ta gwada ɗaukar nata da la'asar a falo, bidiyon ya fito duhu kamar an ɗauka a cikin tukunya. Ta fitar da tebur tsakar gida, injin niƙan maƙwabta ya cinye muryarta. Sai ta koma satar lokaci. In Malam ya fita ya sha iska minti ashirin, ta tuɓe rigarsa da sauri, ta shimfiɗa kwalayenta, ta ce, "Yarana, ku duba nan," muryarta ta koma wata daban, mai taushi, irin wadda gidan bai sani ba. Da haka, da kyar da gumi, ta tara biyar cikin kwana goma sha biyu.

Duk ranar da zai kai na'urar makaranta takan ce, "Ka tura nawa."

"Ki bari su cika a tura gaba ɗaya. Tura abu gutsi-gutsi ai rashin tsari ne."

Nasa kuwa ɗaya-ɗaya yake turawa, tun suna da ɗumi.

Ta kai kuka wurin Inna. Inna fa ta san komai, don ita ke zama a bakin ƙofar falo kan kujera tana korar masu sallama in ana ɗauka. Ta saurara tana ɓare gyaɗa, ta ce, "'Yar nan, shi fa namiji ne. In aka ce ya kasa, ina zai sa kansa a makarantar nan? Ke in kin kasa, wa zai ce uffan?"

"Inna, shi in ya kasa horo za a tura shi. Ni ajina za a karɓe."

"To horon ba abin kunya ba ne? Da furfurarsa a zaunar da shi ana koya masa? Haba, ki riƙa tausayi mana."

Ranar nan da yamma maƙwabta biyu suka shigo gaishe da Inna. Ta sa aka buɗe musu bidiyo a waya, tana nunawa da yatsa tana cewa, "Hannun ɗana ke nan. Tun yana ƙarami haka Allah ya yi shi da rubutu." Matan suka yi ta sa albarka. Malama ta kawo musu ruwa, ta miƙa wa kowacce kofi da hannun da suke yabo, babu wadda ta dube shi. Ta koma kicin cike da baƙin ciki, ta rasa ma wanda za ta ji haushi a cikinsu.

Ta kira yayanta a waya. Ya bari ta gama, ya yi dariya ya ce, "Ke da mijinki har akwai nawa da naka? In ya ɗaukaka ai ke kika ɗaukaka. Ki yi haƙuri, ki gaishe shi."

Ranar kwana goma sha huɗu aka gama na Malam na sha biyu. Malama ta kwance agogo ta ajiye, ta sauke ajiyar zuciya. Saura kwana bakwai, saura darasi bakwai. Ɗaya a rana, za ta kai. Har ta mayar da awarwaronta, ta jera kwalayen gobe a kan tebur tun da sauran rana.

Sai ga Malam ya dawo daga makaranta baki har kunne.

"Albishirinki. Shugaba ta ce nawa ne suka fi na kowa. Tana son ƙarin guda shida da za a nuna wa sauran malamai da manyan baƙi su yi koyi. Na ce mata ba komai."

"Ka ce ba komai da hannun wa?"

Ya dube ta kamar ta zagi wani babba. "Wace irin magana ce wannan? Shugaba ta nemi alfarma, in ce mata me? In ce sai na tambayi matata?"

"Nawa fa, Malam? Saura mako guda."

"Naki ai ba, be, bi ne. Abin da za ki yi a yini guda kina waƙa. Alhamis da Juma'a naki ne, ko kusa da tagar ba zan zo ba."

Ta so ta ce a'a. Kalmar ta zo har bakinta. Amma Inna ta riga ta ja kujerarta zuwa bakin ƙofa, Malam ya riga ya miƙo riga, kuma shekarun da ta yi tana cewa to sun fi ta ƙarfi. Ta zare awarwaro.

Guda shida cikin kwana biyar ba wasa ba ne. Ran Talata wuyan hannunta ya fara zogi. Ran Laraba ya tashi a kumbure, yatsu sun yi suntum, alƙalami da kyar yake zama. Ta tsoma shi a ruwan ɗumi kafin tara, ta zo ta zauna. Malam ya zo ɗaura agogo, igiya ta ƙi kaiwa ramin da ya huda. Ya sassauta zuwa na gaba, ya ja baya ya ƙare wa hannun kallo.

"Kin ga ikon Allah," in ji shi, "yanzu ma ya fi kama da nawa."

Ta rubuta masa darasi biyu a ranar, tana cije leɓe, kuma ko lamba ɗaya ba ta karkace ba.

Alhamis ta tashi da wuri ta gama aikin gida kaf kafin rana ta leƙo tagar. Ta jera littattafai, ta ɗora na'ura, ta ce bari ta fara duba inda ta tsaya. Ta buɗe. Na Malam goma sha takwas suna nan a jere. Ta ja sama, ta ja ƙasa. Ta kashe ta sake kunnawa. Nata biyar babu ko ɗaya.

Ta same shi a ɗaki yana yanke farce.

"Malam, ina darussana?"

"Waɗanne?"

"Guda biyar da na ɗauka."

"Au, waɗannan masu kwalin sabulu? Jiya na'urar ta ce wuri ya cika, ba za ta karɓi na ƙarshe ba. Na ga wasu gajeru-gajeru, na ɗauka gwaji kike yi."

"Ka goge."

"Ban goge ba, na rage ne. Ai kina da su a ka. Da kin ce mini masu muhimmanci ne."

"Sau nawa na ce ka tura su?"

"To yanzu laifina ne da na'ura ta cika? Ni na ƙera ta?" Ya busa ƙurar farce. "Maimakon ki tsaya jayayya, ki je ki yi amfani da rana."

Ta koma falo ta zauna, idonta ya cika, ta share don kada ya ɗiga a takarda. Ta ɗauki uku a ranar kafin rana ta ɗauke, hannu yana mata kamar ana soka allura. Da "Yarana, ku duba nan" ta fito, ita kanta ta ji muryar ba tata ba ce.

Juma'ar da aka ce tata ce, ƙarfe takwas Malam ya sa na'urar a jaka. Yau ce ranar rufewa, in ji shi, kuma Shugaba tana son ganinsa da wuri kafin baƙi su iso.

"Ka roƙar mini kwana uku, Malam. Kai take jin maganarka yanzu."

Ya girgiza kai da fuskar mai gaskiya. "In na yi magana sai a ce don matata ce. Ni ba na son a haɗa harkar gida da ta aiki."

Ran Litinin aka tara malamai a babban ɗaki. Shugaba ta karanta rabon azuzuwa. Aji uku aka ba wata sabuwar malama da ta zo wata biyu da suka wuce. Malama ta ji sunan ajinta ya wuce ta kamar motar da ba ta tsaya ba. Can ƙarshe Shugaba ta ce, saboda ba a son a kori kowa, an ba Malama aikin kula da teburin caji: ta riƙa karɓar na'urorin malamai tana jonawa tana cirewa. Wasu suka ce ai an yi mata adalci.

Daga nan aka kashe fitila, Mai Kwamfuta ya haska bango. Hannu ya bayyana, ƙato, ya cika bangon, da agogo da dogon hannun riga.

"Waɗanda ba su cika ba, ku buɗe ido ku koya," in ji Mai Kwamfuta. "Ku dubi hannun Malam. Ku ga natsuwa. Ku ga yadda yake jiran yaro, ba ya tsallake mataki. Wannan ba a koya shi a mako uku, shekara ashirin ce ta yi magana."

Malam ya sunkuyar da kai irin na masu tawali'u. Aka tafa. Mai Kwamfuta ya juyo ya ce, "Malama, ke da kike gida ɗaya da shi, da kin ɗan zauna kusa da shi kin kalla ai da ba haka ba."

Aka sake dariya irin ta ranar farko. Wannan karon ba ta taya su ba. Tabon yana can a bango, girmansa ya kai faranti, mutum arba'in suna kallonsa, ita kuma ta cusa nata a ƙarƙashin mayafi kamar ita ce ta yi sata.

Da aka tashi ta bi Shugaba ofis. Ta ɗora hannunta a kan tebur, kumburarre, tabon yana sama.

Shugaba ta dubi hannun, ta tashi ta tura ƙofa, ta dawo ta zauna.

"Ɗauke hannunki, Malama. Shekara huɗu ina karanta rajistarki. Tun a bidiyo na biyu na gane bakwai ɗinki."

"Kin sani, ranki ya daɗe?"

"Na sani."

"Kuma kika nemi ƙarin shida."

"Makaranta ce ta nema. Baƙi sun gani, sun yaba, sunan makaranta ya fita. Yanzu so kike in je in ce musu me? In tozarta babban malami, in tozarta kaina?" Ta gyara takardun gabanta. "A takarda, uku kika kawo. Ni da takarda nake aiki."

"Goma sha takwas na rubuta."

"Da sunansa suka zo. Kuma ni ban ga abin tayar da hankali ba, yabon ai bai fita waje ba. Gida ɗaya kuke."

Malama ta ɗauke hannunta. A bakin ƙofa ta yi kiciɓis da sabuwar malamar aji uku, yarinya mai ladabi, ta rusuna ta ce an gaya mata akwai kwalaye masu kyau, ko za a taimaka mata da su? Malama ta ce za ta kawo mata. Me yaran suka yi da za a hana su?

A gida ta tarar da Malam ya baje wata doguwar takarda a kan tebur. Darasi talatin na zango mai zuwa. Ban da haka, ran Laraba ƙarfe goma akwai darasin farko na kai tsaye, yaran da suka riga suka kalli bidiyoyinsa suna gida suna kallo a lokacin da ake yi, iyaye da Shugaba duk za su shiga.

"Kin ga yadda Allah ke tsara abinsa," in ji shi. "Da an ba ki aji, ina za mu samu lokaci? Teburin caji kwana biyu ne kawai a mako. Wani abin in ya faru sai daga baya mutum ke gane alherinsa."

Inna ta ce, "Ƙwarai kuwa."

Malama ta ce, "Haka ne."

Ran Laraba rana ta shigo tagar da kyau. Malam ya yi wanka, ya fesa turare. Inna ta kafa kujera a bakin ƙofa. Littattafai a jere, farar takarda a shimfiɗe, riga da agogo a gefen da Malama ke zama. Goma saura minti biyar ta fito daga ɗaki da mayafinta, jakar kwalaye a kafaɗa, awarwaro shida a hannu.

"Ina za ki? Zauna mana, sun fara shigowa."

Da gaske sun fara. Ƙananan fuskoki suna bayyana a waya ɗaya bayan ɗaya, ana jin gaisuwa. Malama ta matso, ta ɗauki agogon, ta kama hannun Malam a hankali kamar za ta duba masa ciwo. Ta ɗaura masa, ta wuce ramin ƙusa, ta sa a raminsa na da. Ta ɗauki alƙalami ta sa masa tsakanin yatsu.

"Malama," ya ce ƙasa-ƙasa, "ba yanzu ba. Don Allah. Shugaba tana ciki."

"Hannun Malam suke jira."

"Ina takardar abin da zan faɗa?"

"Ai kana da shi a ka."

Inna ta miƙe tana raɗa, "'Yar nan, kashe shi za ki yi? Me zai ce wa mutane?"

"Inna, shekara ashirin fa."

Ƙarfe goma ta buga. Muryar Shugaba ta fito tana yi wa iyaye barka da zuwa, tana cewa yau za su ga abin da makaranta ke alfahari da shi. Malam ya tura hannunsa ƙarƙashin kyamara. Alƙalami ya hau rawar da ya bari mako uku da suka wuce. Ya rubuta bakwai, ta fito kamar lauje.

Sai wata yarinya daga can gidansu, da muryar mai tausayi, ta ce, "Malam, sannu. Me ya sami hannunka? Ya yi gashi."

Wata ta ce, "Tabon ma ya warke."

"Kai, ku yi mini shiru a baya can," in ji Malam.

Malama ba ta tsaya jin sauran ba. Ba daɗi ta ji ba, don duk abin da zai faru a falon nan ba zai dawo mata da aji uku ba. Yau Laraba, yaranta suna gidajensu, wata ce za ta ce musu "ku duba nan," kuma ta yi alkawarin kai mata kwalaye kafin sha ɗaya. Ta gyara jakar a kafaɗa, ta raɓa ta bayan kujerar Malam ta nufi ƙofa, awarwaronta suna ƙara, duk wanda ke cikin darasin yana ji. Wannan karon babu wanda ya ce ta cire.